Jummai, wadda ta goya biri mai ganga a Riyad

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan watan, da muka sa Jummai a makwancinta a maƙabartar Al-Oud da ke nan Riyad. Matata ce. Mun yi shekara arba'in tare, ta haifa mini 'ya'ya biyar. Duk shekara idan watan ya kewayo 'ya'yan sukan yi mata sadaka, ni kuma in yi shiru. Bana na ce shirun ya isa haka. Akwai wani aiki da Hausawan garin nan suka daɗe suna yaba mini a kansa, ina amsa gaisuwa ina gyara zaman hula, alhali ba ni na yi shi ba. Ita ta yi. Tana da rai ba ta taɓa tona mini asiri ba, to yau ni zan tona wa kaina.

Na zo Riyad a shekarun da mai ya yi tashe. Wanda ya ga garin nan yau da jirgin ƙasa yana gudu a saman titi ba zai yarda da ni ba, amma a lokacin duk inda ka juya katangar ƙasa ake rushewa ana zuba siminti. Ka bi hanya da safe, da yamma ka dawo ka tarar an haƙe ta. Ni tankar ruwa nake ja, wadda suke cewa wayit, ina kai ruwa wuraren gini. Kafilina, wato mutumin da takardar zamana ke hannunsa, ɗan kwangila ne da muke kira Abu Fahad. Da na san shi motoci biyu gare shi. Kafin in ankara ya yi gona a bayan gari, ya dasa dabino, ya fara tara dabbobi don baƙi su zo su gani: barewa, jimina, ɗawisu, har da wata ƙatuwar biranya baƙa da aka sayo masa a bakin teku.

Wata rana ya kira ni ya ce an kawo masa ƙaramar irinta, jaririya, kuma yana so in bar tanka in koma gona in kula da su biyun. Dalilinsa ɗaya ne tak: ai ni ɗan Afirka ne, dole na san birai. Jama'a, ni haifaffen cikin birnin Kano ne. Birin da na taɓa gani a rayuwata shi ne na masu wasa a kasuwa, da igiya a ƙugu. Amma na gaji da zafin sitiyari, ga shi Allah ya yi ni da cika baki. Na dafa ƙirji na ce masa abshir, wato an gama. Har da ƙari na yi, na ce mu a garinmu da su muke tashi.

Babbar ta yi shekaru ita kaɗai a keji. Kullum fuskarta na bango, in ka matso ta jefe ka da kashi, abinci ma da shebur ake tura mata. Ƙaramar kuwa a akwatin katako ta iso, ba ta fi shekara ɗaya da rabi ba. Akwai likitan dabbobi da ke zuwa gonar, ɗan wata ƙasa, mutumin kirki ne ba zan ci zalinsa ba, sai dai iliminsa na dawaki da raƙuma ne. Ya ce a ware mata ɗaki mai tayil, a kunna na'urar sanyi, a wanke ko'ina da magani, kada kowa ya taɓa ta don gudun cuta, a riƙa miƙa mata fidar madara a kan lokaci. Ya kuma ja kunnena cewa kada in kuskura in kai ta kusa da babbar, don yaga ta za ta yi. Na bi umarninsa tiryan-tiryan. Jaririyar nan ta koma lungu, ta rungume kanta da hannu biyu, tana rangaji gaba da baya. Ta ƙi madara, ta ƙi ayaba. Kwana goma ana haka har haƙarƙarinta suka fito. Likita ya duba ya ce in ta daɗe ta yi kwana uku.

Abu Fahad ba mai ɗaga murya ba ne. A tsanake ya tuna mini cewa ni da bakina na ce da su muke tashi. Ya ce in ta mutu a hannuna zai buga mini takardar fita, in kwashe iyalina in koma inda na fito. A nan ido ya raina fata.

To bari in faɗa muku wace ce Jummai. 'Yar wani ƙauye ce gaba da Serti, a bakin kurmin Gashaka. Na haɗu da ita sa'ad da nake jan babbar mota ta wajen, kafin in fito waje. Da na zauna da gindina a Riyad, kafili ya yi mini hanya na ɗauko ta. Wata takwas ke nan tana cikin ɗaki ɗaya a Al-Oud, taga ɗaya, ita ma a can sama. Matan Hausawan da suka daɗe a unguwar suna yi wa Hausarta dariya saboda Fulatanci ya lanƙwasa mata harshe, suna kiranta 'yar daji. Sai ta kama bakinta. In na dawo ta ce sannu da zuwa, ta ajiye abinci, shi ke nan. Ni ma, Allah ya yafe mini, kallon wadda ba ta san komai ba nake yi mata. Ko zancen aikina ban taɓa yi da ita ba.

Ran nan na dawo bayan magariba na kasa cin tuwo. Ta tambaya, na faɗa mata don dai in rage zafi, na ce ta fara haɗa kaya saboda wani goggon biri zai mutu ya ja mana. Ta ajiye ludayi. Ta tambaye ni kamanninta: tana da wutsiya? Kunnuwanta fa? Akwai ɗan farin gashi a ƙasan bayanta? Na ce babu wutsiya, farin gashin kuma akwai. Ta ce wannan ba goggo ba ne, biri mai ganga ne, kuma wanda ke da farin gashin nan ko minti ɗaya uwarsa ba ta ajiye shi. Sai ta tambaye ni wa ke ɗaukarta. Na ce babu kowa, likita ya hana. Kallon da ta yi mini har yau ina jinsa a fuskata.

Maganar da ba ta yi ba a wata takwas, ran nan ta yi ta. Ashe mahaifinta mai zuma ne, yana rataya amya a bakin kurmi, ita kuma tun tana ƙarama take binsa. Yana bisa itace, ita tana ƙasa tana kallon biran a ƙetaren rafi, har suka saba da ganinta. Ta ce mazan ne ke dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, a ji kamar ganga daga nesa, shi ya sa aka ba su sunan, amma banda hayaniya ba abin da suke tsinanawa. Ta faɗi haka tana kallona, na yi kamar ban gane ba. Matan, ta ce, su ne da aiki. Uwa takan ɗauki ɗanta a ciki, in ya yi wayo ya koma bayanta, ta shayar da shi shekara huɗu ko biyar. Kullum kafin rana ta faɗi takan lanƙwasa rassa ta yi sheƙa a sama su kwana tare. A gefenta ɗan ke zama yana kallon yadda take fiƙe tsinke ta zura a rami ta ciro kwarkwasa ko zuma. Ta ce ta ga uwar da ɗanta ya mutu ta yi ta yawo da gawarsa har ta bushe. Ta ga maraya wanda yayarsa ta ɗauka, ita ma ƙanƙanuwa, tana tafiya tana tangaɗi da shi. Ta kuma ga marayan da babu mai ɗaukarsa, ga 'ya'yan itace zube a gabansa, ya zauna har ya mutu.

Ta tashi ta ciro zanenta na goyo da ta zo da shi tun daga gida, wanda bai taɓa ɗaukar kowa ba, ta miƙo mini.

"Malam, ba yunwa ke kashe ta ba. Goya ta. Tun safe har yamma, kada ka sauke."

Na karɓi zane na tafi da asuba. Na shiga gona, ga leburori 'yan Yaman da 'yan Pakistan suna ta kai da kawo. Ni, Sale, ɗan cikin birni, namiji da gemu, in ɗaura zane a ƙirji in goya biri a gaban maza? Ai labarin sai ya riga ni isa Kano. Ɗan mutum ma ban taɓa ganin namijin da ya goya a unguwarmu ba. Sai na yi dabara irin ta wawaye: na nemo matashi na naɗe shi da zanen, na tura mata cikin ɗakin, na ja ƙofa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Da yamma na ɗauko zanen na koma gida, na ce wa Jummai na goya ta yini guda amma ba ta ci komai ba. Ta shinshina zanen, ta zagaya ta dubi bayan rigata, fara tas. Ta ce wanda ya goya jariri tun safe ba ya dawowa da riga haka. Sannan ta ce cikin kwana ukun da likita ya faɗa na zubar da ɗaya saboda kunyar leburori. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je wurin Abu Fahad yana shan gahawa. Wannan tsayuwar ita ce mafi wuya a rayuwata.

"Allah ya ja da ranka, ƙarya na yi maka. Ban san komai game da dabbar nan ba. Matata ce ta sani."

Ya daɗe yana juya ɗan kofinsa. Abin da ya dame shi ba ƙaryar ba ce, yadda za a shigo da mace cikin gonar da ke cike da maza ne. Allah ya taimake ni mahaifiyarsa na nan. Tsohuwa ce 'yar sahara, ta ƙi zaman gari, a gonar take cikin tanti duk da gidan da ɗanta ya gina mata. Da labari ya kai gare ta ta aiko cewa ita ta sha ganin ɗan raƙumin da uwarsa ta mutu, kuma ba a taɓa rayar da shi da wanke ɗaki ba. Ta ce a kawo matar, a kori maza daga wannan ɓangaren. Maganar uwa kuwa ta gama komai.

Jummai ta shiga ɗakin ta fara kashe na'urar sanyin. Ta cire abaya ta zauna a ƙasa, nesa kaɗan, ta ba jaririyar gefe, ba ta kalle ta ba, ba ta miƙa hannu ba. Sai wani ɗan gurnani take yi a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, wanda ban taɓa jin ta yi ba. Ina leƙe ta taga raina na tafasa, ina cewa a zuciyata lokaci na tafiya matar nan ta zauna tana nishi. Tun hantsi har aka kusa kiran azahar. Sai ga 'yar abar nan ta saki kanta, ta jawo jiki da kyar, ta kama gefen rigar Jummai, ta hau cinyarta ta ƙanƙame ta. Jummai ta tallabe ta a ƙirji ta ɗaure da zane. Ta tauna dabino ta ba ta baki da baki. Kafin la'asar jaririyar ta sha madara rabin fida. Jummai ta sa mata suna Auta.

Kwana tara Auta na jikinta, gaba ko baya, a tantin tsohuwa suke kwana. Ba a sauke ta sai lokacin salla, shi ma tsohuwa ce ke karɓarta ta cusa cikin mayafinta, Auta na ihu har a sallame. Kowace salla sai Jummai ta canja kaya saboda najasa. Ku tambaye ni wa ke wanke zannuwan. Ni ne, ɗan cikin birni, tsugune a bayan rijiya da sabulu, leburorin da na ji kunyarsu suna wucewa suna yi mini sannu da aiki.

Auta ta yi ƙiba, ta fara wasa, tana fizge wa tsohuwa carbi. Abu Fahad ya zo ya gani ya yi murna, ni kuma na ce alhamdu lillahi mun tsira. Sai Jummai ta tayar da wata sabuwa. Ta ce aiki bai ƙare ba. Ita mutum ce, gobe za ta haifi nata, Auta kuma nan da 'yan shekaru za ta yi ƙarfin da namiji uku ba za su riƙe ta ba, a nan za a jefa ta keji ita kaɗai ta koma fuskantar bango kamar waccan. Uwa irin tata take buƙata, kuma ga ta nan a keji. Likita ya yi tsalle ya dire ya ce ba da yawunsa ba. Abu Fahad ya ce ya bar mana, amma sharaɗinsa na nan: in aka kashe Auta, mu tafi. Na roƙi Jummai, na yi faɗa, na kumbura, na tuna mata cewa ni ne mijin. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, amma ba ta goya Auta kwana tara don ta mutu a hankali ba. Rigimar da muka yi ran nan ita ce ta farko a aurenmu, kuma ni aka kayar.

Abin da ta dogara da shi wani sani ne da ta samu daga mahaifinta. Ta ce a wurin biran nan maza ne ke zama inda aka haife su. Mace in ta balaga takan bar uwarta da danginta ta ƙetare zuwa wani garke inda ba ta san kowa ba. Mahaifinta ya gane haka ne ta wata mai yagaggen kunne da ya sani tun tana bayan uwarta, wadda ta ɓace, bayan damina biyu ya gan ta a wani kwari mai nisa cikin baƙin fuskoki. Matan wurin ba sa maraba da baƙuwa. Sukan kore ta daga itacen da ke da 'ya'ya, wani lokaci su taru su lakaɗa mata duka. Ita kuwa ba ta gudu, ba ta kuma kutsawa. Takan zauna a gefe, kanta a ƙasa, yau nan, gobe ta ɗan matso, har wata babba ta yarda ta duba mata gashi. Ranar da aka duba wa juna gashi, an zama 'yan gida. Jummai ta ce ita za ta zama baƙuwar, Auta kuma ta shiga a bayanta.

Haka ta yi. Kullum da hantsi ta zo da goyonta ta zauna nesa da kejin babbar, wadda ta sa wa suna Dada, wato uwa a yarensu. Ranar farko Dada ta jefe ta da kashi ya same ta a kafaɗa. Ta share ta ci gaba da zama. Ta sa na saro ɗanyen ganyen dabino da rassan magarya na tura cikin kejin. Dada ta yi kwana biyu tana harararsu, a na uku kafin faɗuwar rana muka ga tana lanƙwasa su tana tattakewa, ta yi sheƙa a kan siminti ta kwanta a ciki. Dabbar da ta yi shekaru ba ta ga kurmi ba, ashe hannunta bai manta ba. Jummai ta yi hawaye, ni na juya baya.

Wajen mako uku ana matsowa kaɗan-kaɗan. Ran nan na ga Jummai ta cire ɗankwali ta tsefe kitsonta, ta jingina kanta da ƙarafunan kejin. Hannun Dada na taɓa ganin ya murɗe kwanon ƙarfe kamar takarda. Na buɗe baki zan yi magana, tsohuwa ta daka mini harara na haɗiye. Dada ta taso a hankali, ta zura yatsunta baƙaƙe cikin gashin matata, ta fara buɗa shi layi-layi, tana tsince abin da babu, tana motsa leɓe. Ta daɗe tana yi. Da ta gama ta miƙo hannunta ta tsakanin ƙarafuna, Jummai ta duba mata ita ma. Sannan Dada ta kai ɗan yatsa ɗaya ta taɓa tafin ƙafar Auta, ta mayar da shi hancinta ta shinshina.

Bayan kwana huɗu aka buɗe ƙofa, da safe. Abu Fahad ya zo da bindigarsa ta farauta, likita na tsaye da allura. Jummai ta kwance goyo a ɗan ɗakin da ke manne da kejin, ta ajiye Auta, ta fito, na ja ƙofar tsakiya da igiya. Gashin Dada ya miƙe duka, ta zama kamar biyunta. Ta zabura ta mari bango, ta finciko Auta ta ƙafa ɗaya ta ja ta a ƙasa. Auta ta tsala ihun da ya tayar da tsuntsayen gonar. Na ga Abu Fahad ya ɗaga bindiga. Jummai, wadda ba ta taɓa yi wa namiji baƙo magana ba tunda ta zo ƙasar, ta sha gabansa.

"Kada wanda ya motsa. Dubawa take yi."

Da Hausa ta faɗa, amma bindigar ta sauka. Dada ta saki ƙafar ta zauna tana huci. Auta ta dubi Jummai ta ƙarafuna tana kuka tana miƙo hannu, Jummai ta juya mata baya, kuma ni kaɗai na ga yadda fuskarta take. Da Auta ta ga babu mai zuwa, sai ta juya ga Dada tana wani ɗan kuka siriri. Gashin Dada ya kwanta. Ta miƙa mata bayan hannunta, ta jawo ta, ta juya ta ta duba ciki da baya, sannan ta manna ta a ƙirjinta ta rufe da hannu ɗaya, ta taka da ƙafa uku ta shige sheƙarta. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa irin tasu. Likita ya ajiye allura ya ciro littafi, ya yini yana yi wa Jummai tambayoyi ina fassarawa da gurguwar Larabcina. Abu Fahad ya ce mini daga yau ba ni da matsalar takarda muddin yana raye, amma in san albarkacin wa na ci.

Na sani kuwa. Sai dai da labarin ya isa majalisar Hausawa a unguwar Batha ya zama Sale ne ya sasanta manyan birai da hannunsa. Na ce wa kaina ba ya kyautuwa mutum ya riƙa ambaton iyalinsa a cikin maza. Hujja ce mai kyau, kuma daɗin yabon ne ya sa na riƙe ta shekara da shekaru.

Ita Jummai ba ta koma ɗaki ta rufe ba. Matan nan da ke kiranta 'yar daji, ta fara zuwa inda suke taruwa ta zauna a bakin tabarma, a yi mata habaici ta share. Wata rana babbarsu ta yi ƙorafin kanta ya tsufa babu mai kitso, Jummai ta ciro tsinke ta matsa. Kafin shekara ta zagayo ba a suna ko biki sai da ita. Daga nan kuma duk macen da aka kawo Riyad sabuwa, matar ɗalibi ce ko ta direba, ba ta barin ta ta yi mako ita kaɗai a ɗaki. Za ta je ta ɗauko ta, ta yi mata kitso, ta kai ta gida-gida. Ranar da ta rasu, mu maza muna maƙabarta, aka ce mini mata sun cika gidan da muka koma a unguwar Al-Naseem har bakin titi, da yawansu ban san sunansu ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Jikokina sukan kawo mini waya su nuna mini jariran birai an sa musu riga da wando ana ba su cokali, mutane na dariya. Na san abin da za ta fara tambaya: ina uwarsa? Ta sha faɗa mini cewa ba a karɓar jariri daga hannun irin waɗannan uwaye sai an kashe su, kuma duk son da ta yi wa Auta ba ta taɓa daina jin haushin wanda ya sa ta a akwati ba. Bara kuma na zauna ina kallon wani shiri a talabijin, masana sun yi shekaru a daji da na'urori, suna bayyana cewa macen ce ke barin gida, uwa na shayarwa shekaru, maraya na iya mutuwa don baƙin ciki. Na ce wa talabijin ɗin sannunku da zuwa. Da tana nan da ta yi 'yar dariyarta ta ce sun yi ƙoƙari. Abin da zai fi ɓata mata rai, ina jin, shi ne yadda yanzu za a kawo yarinya garin nan ta shekara a bene na biyar, maƙwabciyarta ba ta san da ita ba, kowa na kallon waya.

Dada ta riƙe Auta shekara tara kafin tsufa ya ɗauke ta. Gari ya cinye tsohuwar gonar, 'ya'yan Abu Fahad suka mayar da dabbobin wata mai nisa, suka yi wa Auta fili mai itatuwa, suka samo mata 'yan'uwa biyu. Jummai ba ta taɓa yin wata biyu ba ta sa na kai ta ba, har ciwo ya kwantar da ita.

Bayan an share makoki na ɗauki mota ni kaɗai na tafi. Auta ta ji ƙarar motar ta taso bakin waya. Ta dube ni sau ɗaya ta mayar da idonta kan ɗaya ƙofar motar, tana jira a buɗe. Ta daɗe tana jira. Na matsa na ce mata, da Hausa, kamar yadda ake faɗa wa 'ya, Auta, Jummai ta rasu. Ban san abin da ta gane ba, ba kuma zan yi muku ƙarya a kai ba, na yi wadda ta ishe ni. Ta zauna, ni ma na zauna a ƙasa. Na tsaya ina kallonta, ƙatuwa, furfura a haɓa, ƙirji na hawa yana sauka lafiya lau, abar da na taɓa gani a lungu ana ƙirga mata kwanaki. Na zo da niyyar kuka, sai na ji alfahari ya cika ni har wuya. Ta ƙara shekara biyu a duniya bayan Jummai, ta mutu da tsufanta tana kusan shekara arba'in, a cikin sheƙar da ta yi da hannunta.

Wanda ya karanta wannan ya sa Jummai 'yar mai zuma a addu'arsa. Allah ya karɓi baƙuncinta, ya sa ta tarar da masu yi mata maraba.